Takobi ba malami: Yadda mai koyon sara zai riƙe horonsa a Minna

Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnatin tarayya ya san yadda takarda guda kan juya wa mutum rayuwa. Yau kana Legas ko Abuja, gobe a ce ka koma hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO da ke kan hanyar Bida, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ko wani ofishi a sakatariyar tarayya ta Minna. Ka ɗauki hanyar Suleja, ka wuce Lambata da Paiko, ka shigo gari ta Chanchaga, wataƙila ma a nan za ka kama haya. Mai buga ƙwallo ba zai kwana biyu bai sami fili ba, domin garin Niger Tornadoes ne. Mai gudun safe titi ya ishe shi. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da irin wannan sauyi ke datse wa hanya baki ɗaya, wato waɗanda suka soma koyon wasan takobi, ko irin na gasar Olamfik, ko kendo na Japanawa da wasu kan tsinta idan sun tafi kwas ƙasashen waje.

Ba su da yawa, amma ba su kai ƙarancin da a da ba. Hukumar wasan takobi ta Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar nahiyar Afirka a Legas a watan Yunin 2025, kuma 'yan Masar da Tunisiya sun riga sun ciyo lambobin Olamfik a wannan wasa, tun daga azurfar da Alaaeldin Abouelkassem ya samu a Landan a 2012. Sai dai malamai da kayan aiki da zaurukan horo galibi a Legas suka taru. Wanda aka turo Minna yakan iso da jakar kayansa da ɗan abin da ya koya, sa'annan ya fuskanci tambayar da ke gaban duk ɗalibin da ya rabu da malaminsa: me zan iya riƙewa ni kaɗai, me kuma zai zube ko na ƙi ko na so?

Abin da ke sa tambayar ta yi ɗaci shi ne, ana yin ta ne a ƙasar da takobi ya yi mulki ƙarni da ƙarni. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, da cewa shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Barden da ya sa waɗannan kaya yakan rataya takobi a kafaɗa da hamila: miƙaƙƙen ƙarfe mai kaifi biyu, tsawonsa kusan mita guda, bakinsa a ɗan zagaye, abin da ke nuna cewa don sara aka ƙera shi fiye da suka. Da yawa daga cikin ruwan waɗannan takubba a Turai aka ƙera su, musamman a garin Solingen na Jamus, fatake suka ratso Sahara da su, maƙeranmu da dukawanmu suka yi musu ƙota da kube. A jihar Neja ta yau akwai manyan cibiyoyin dawaki guda biyu, Bida ta Nufawa da Kontagora ta zuriyar Nagwamatse. Sojojin kamfanin Royal Niger sun ci Bida a watan Janairun 1897 da bindiga mai ruwa da igwa, Kontagora ta bi baya a 1901, Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan takobi ya bar fagen fama ya koma kayan ado na ranar hawa.

Ita kuwa Minna ba ta cikin waɗannan tsofaffin biranen barade. Ƙasar Gbagyi ce, mutanen tuddai waɗanda aka fi sani da noma da baka da kibiya, kuma jirgin ƙasa ne ya raya ta bayan da aka shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911. Gari ne na ma'aikatan dogo da 'yan kasuwa, daga baya kuma na ma'aikatan gwamnati, tun da ya zama babban birnin jiha a 1976. Saboda haka mai neman gidan da aka gaji koyar da sara da karewa daga kaka da kakanni, ba a unguwannin Minna ya kamata ya fara ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Horon mutum ɗaya tsohon abu ne

Akwai abin da zai kwantar wa mai koyo hankali. Kusan duk al'ummar da ta ɗauki takobi da muhimmanci ta ware wani babban kaso na horon ga mutum shi kaɗai. Marubucin Rumawa Vegetius, wanda ya yi rubutu a wajejen ƙarshen ƙarni na 4, ya bayyana yadda ake kafa wa sabon soja turke mai tsawon mutum, a ba shi takobin katako mai nauyi ninki biyu na na gaske, ya yi ta kai wa turken hari safe da yamma, yana auna kai, yana auna ƙafa, yana ja da baya yana sake shiga. Japanawa suna da abin da suke kira suburi, wato maimaita sara a iska da takobin katako ko na gora, kuma akwai reshe guda na fasaharsu, iaido, wanda kusan gaba ɗayansa mutum ɗaya ke yi: zare takobi, sara, mayar da shi kube, bisa tsararrun motsi. Hukumar kendo ta Japan ta daidaita guda 12 daga cikinsu domin koyarwa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne tsarin Mamalik na Masar da Sham, waɗanda suka bar littattafan furusiyya, wato ilimin barada, da harshen Larabci. Fitacce a cikinsu shi ne Nihayatus Su'ul na Muhammad ibn Isa al-Aƙsara'i, wanda ya rasu a 1348. Akwai kwafinsa mai zane-zane na shekarar 1371 a Ɗakin Karatu na Birtaniya. A tsarin horon Mamalik, ɗalibi kan fara ne da sarar laka. A kwaɓa ta, a aza a kan tebur, ya fara da sara 25 a rana, a yi ta ƙara masa har ya kai 1,000. Laka ba ta yin ƙarya. Idan kaifin ya shiga a karkace, sawun zai nuna. Idan hannu ya girgiza a tsakiyar sara, shi ma zai nuna. Bayan haka a ɗora wa lakar shimfiɗun ulu ɗaya bisa ɗaya. Idan ya hau doki kuma, a kafa masa ɗanyen kara a ƙasa ya sukwano ya sare shi. Mutanen da suka kori Mongolawa a Ain Jalut a 1260 da laka da kara suka gyara hannunsu, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ke wahalar samu a bakin kogin Chanchaga.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda ne: mai horo shi kaɗai yana buƙatar abin da zai faɗa masa gaskiya a madadin malami. Sara a iska kawai ba ya isa, domin iska tana karɓar kowane irin sara. Turke yana koyar da tazara, laka tana koyar da daidaita kaifi, madubi yana nuna tsayuwa. A zamaninmu an sami ƙarin shaida na huɗu, wato wayar salula. A jingina ta da bango, a ɗauki bidiyo daga gaba sau ɗaya, daga gefe sau ɗaya, a kalle shi a hankali. Yawancin mutane kan yi mamakin bambancin da ke tsakanin abin da suke ji jikinsu na yi da abin da yake yi a zahiri: kafaɗa ta ɗaga, gwiwar gaba ta karkata ciki, jiki ya riga hannu tafiya, wanda a gaban abokin karawa yana nufin ka miƙa masa kanka kafin takobinka ya isa.

Mafi arha a cikin duka, kuma wanda aka fi rainawa, shi ne taku. Filin wasan Olamfik mita 14 ne a tsawo, faɗinsa kuwa bai wuce mita 2 ba, don haka doguwar baranda ko gefen katangar tsakar gida ya wadatar. Gaba, baya, faɗawa, dawowa, ba tare da kai yana hawa da sauka ba. Babu makami a hannu, babu abin da zai tayar wa maƙwabci hankali, kuma shi ne sashen da ya fi saurin lalacewa ga wanda ke wuni a kujerar ofis. Minti 20 kullum bayan sallar Asuba ya fi awa uku ranar Asabar, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Minna kan sa ko ƙarfen ƙofa ya gagari taɓawa da rana. Mai son yin atisaye a ɗaki kuma ya tuna da fankar sama. Gajeriyar sanda mai ɗan nauyi a baki, wadda ba ta wuce tsawon damtse ba, tana ba hannu aikin da doguwa za ta ba shi ba tare da an biya mai gida kuɗin silin ba.

Inda kaɗaici ya gaza

Duk da haka, kada mutum ya yaudari kansa. Wasan takobi zance ne tsakanin mutum biyu, kuma abubuwa biyu da ke raba gwani da ɗan koyo, wato sanin tazarar da abokin karawa zai iya cim maka da sanin lokacin da ya kamata ka shiga, ba a koyonsu daga turke, saboda turke ba ya matsawa kuma ba ya ramawa. Akwai kuma abin da hannu ke ji idan ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ko abokin yana turowa da ƙarfi ko ya saki, wanda tsofaffin malaman Jamus suka ɗauke shi a matsayin zuciyar fasahar. Wanda ya shekara yana atisaye shi kaɗai zai koma gaban malaminsa da ƙafa mai ƙarfi da sara mai tsabta, kuma ɗan shekara 15 da ke karawa kowane mako zai iya taɓa shi sau biyar kafin ya taɓa shi sau ɗaya. Wannan ba abin kunya ba ne, iyakar abin da kaɗaici ke iya bayarwa ke nan.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne kuskuren da aka maimaita sau dubu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Motsin da ya zauna a jiki a karkace ya fi wuyar gyara a kan wanda ba a taɓa koya ba. A ganina, ƙa'idar da ta fi dacewa ga wanda ke nesa da malami ita ce ya yi ta goge abin da aka riga aka koya masa hannu da hannu, ya rage kwaɗayin sabon salo daga YouTube. Bidiyon intanet yana nuna abin da za a yi, ba ya ganin abin da kai ka yi. Abin da ya fi shi shi ne ka aika wa tsohon malaminka naka bidiyon ta WhatsApp, ko da sau biyu a wata, ka nemi ya nuna maka gyara guda ɗaya tak, ka yi mako biyu a kansa. Idan aiki ya kai ka Legas, ka ware yamma guda don zauren horo kamar yadda kake ware lokacin ziyarar dangi. Bidiyon darasi kuma a sauke shi a waya tun da wuri. Jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru ce, amma mazauna Minna sun san wannan bai hana a ɗauke wuta ana tsakiyar kallo ba.

Abokin atisaye ba dole ne ya zama gwani ba. Turawan da suka farfaɗo da tsohon wasan takobin nahiyarsu a 'yan shekarun nan ba su tarar da malami ko ɗaya a raye ba. Littattafai suka tarar: wani rubutun hannu na wajejen shekarar 1300 da ake ajiye da shi a gidan tarihin makamai na Leeds a Ingila, wanda ke nuna wani limamin coci yana koya wa ɗalibinsa takobi da ƙaramar garkuwa, da littafin Fiore dei Liberi ɗan Italiya na wajejen 1410, da na Joachim Meyer da aka buga a 1570. Mutum biyu ko uku kan haɗu a fili, su buɗe shafi, su gwada, su yi gardama, su sake gwadawa. Sun yi kurakurai masu yawa, sun kuma gyara da yawa, yau suna da ƙungiyoyi da gasa a ƙasashe da dama. Sharaɗin kawai shi ne kariya. Ba a karawa, ko da da sandar gora ce, sai da abin rufe fuska na raga da safar hannu mai kauri. Hular kwano ta masu babur ba a yi ta don tare tsinin sanda ba.

Sai kuma batun da wanda ke Legas ba lallai ya damu da shi ba, amma a Minna yana iya zama batun rai. Garin ya sha fama da faɗan daba na matasa masu yawo da adduna da wuƙaƙe, har ta kai a watan Afrilun 2025 Gwamna Mohammed Umaru Bago ya ba da umarni masu tsauri, ciki har da cewa wanda aka kama da makami, ko wuƙa ko sanda, a ɗauke shi tamkar ɗan fashi. A irin wannan yanayi, jami'in tsaro a shingen bincike ba shi da lokacin bambance takobin wasa da na ta'asa, haka ma 'yan sintirin unguwa. Ma'aikacin tarayya kuma yana da abin da zai rasa fiye da kwana guda a caji ofis, domin rahoton 'yan sanda kan bi mutum har cikin fayil ɗinsa. Saboda haka katako da gora, a cikin katanga, da rana tsaka ko da sassafe. A sanar da mai gida da maƙwabta, a gai da mai unguwa a yi masa bayani tun kafin wani ya kai masa labari a karkace. Ƙarfe mai kaifi ba shi da aiki a wannan mataki. Shi kuwa takobin ado da ake sayarwa don rataya a falo, wanda sau da yawa ƙotarsa ba ta kama ruwan da kyau ba, yana iya fizgewa a tsakiyar sara ya tafi inda ba a aike shi ba.

Malaman da ba su san su malamai ba ne

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ya fi damuna a kan duk abin da ya gabata. Muna cewa babu malami, alhali abin da muke nufi shi ne babu malamin salon Faransa ko na Japan. Namu salon bai bar littafin koyarwa irin na Fiore a hannun jama'a ba. Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo labarin yaƙe-yaƙe suke bayarwa, wa ya fita, ina aka haɗu, wa ya yi shahada. Ba su tsaya bayyana yadda ake riƙe ƙota ba, domin a zamaninsu wannan abu ne da yaro ke koya a gidan ubangidansa. Ilimin a jikin mutane aka adana shi, kuma shekara fiye da 120 ke nan rabon da a buƙace shi a fagen fama.

Bai ɓace duka ba, ya dai warwatse. Mahayin da ke yin jafi ranar hawan Sallah, ya sukwano ya ja linzami a gaban sarki da makami a ɗage, yana riƙe da wani yanki: yadda ake sarrafa doki da hannu ɗaya, yadda ake zare takobi daga hamila ba tare da an yanki linzami ko kunnen doki ba. Maƙerin Bida, garin da UNESCO ta sanya cikin biranen sana'o'in hannu a 2021, kuma bai kai kilomita 100 daga Minna ba, yana riƙe da wani yankin: inda nauyin ƙarfe ya kamata ya zauna, da dalilin kwarin da ake yi a tsakiyar ruwan takobi. Masu rawar takkai, da ke haɗa sanda da sanda bisa kiɗa, suna da taku da juyi da lokaci. Makiyayin da ya tashi da sanda a kafaɗa ya san tazara fiye da yadda zai iya bayyanawa da baki. Su kuwa 'yan tauri, abin kallo ne na gaske kuma gado ne, amma abin da suke nunawa shi ne jikin da ƙarfe ba ya ci, ba dabarar kauce wa ƙarfe ba, kuma mai koyo bai kamata ya gwada abin da ya gani a wurinsu a kan fatarsa ba.

Misirawa sun nuna abin da za a iya yi da irin waɗannan gutsattsari. Wasan sandarsu, tahtib, wanda ake ganin hotunansa tun a bangon kaburburan zamanin Fir'auna, ya koma rawar biki a ƙauyukan kudancin Masar, sai aka tsara masa darussa da dokokin gasa, UNESCO kuma ta amince da shi a matsayin gadon ɗan Adam a 2016. Hawan Sallar Kano ya shiga wannan jeri a watan Disambar 2024. A Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin fasahohin yaƙi na Afirka da ke ƙoƙarin gano yadda ake sarrafa takobin Buzaye da na Hausawa, kuma galibin abin da suke dogaro da shi hotuna ne da bidiyon bukukuwa da kayan gidajen tarihi. Abin da suke hange daga bayan teku, wanda ke zaune a Chanchaga zai iya isa gare shi da kuɗin motar haya zuwa Bida ko Kontagora.

Wanda ya riga ya sami tushe a wani salo shi ya fi cancanta da wannan aiki, domin ya san abin da zai duba. Ya je da ladabi, ta hannun wanda ya san gidan, da goro a hannu, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya. Tambayoyin ma ƙanana ne. Ina babban yatsa ke zama a ƙota? Daga wace kafaɗa ake rataya hamila, kuma kuben ya kwanta ne ko ya tsaya? Idan sara ya zo daga sama, da garkuwa ake tarewa ko da ƙarfe, ko kuwa kaucewa ake yi? Wa ya koya maka, shi kuma wa ya koya masa? Wani dattijon zai ce shi dai haka ya ga mahaifinsa na yi, ya miƙe ya nuna da sandar dogarawarsa. A ɗauki wannan motsin daga gaba da kuma daga gefe, a rubuta sunan garin da ranar, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.